Hubble, Webb ko Chandra: a kan wacce ɗalibi zai gina bincikensa?

Ɗalibin da zai fara digiri na biyu ko na uku a ilimin taurari yakan ɗauka cewa babbar shawarar da ke gabansa ita ce zaɓen taken bincike. Akwai wadda ke riga ta, wato da bayanan wace na'urar hangen nesa ta sararin samaniya zai yi aiki. Ita ke yanke manhajar da zai koya, da mutanen da zai yi hulɗa da su, da ma irin tambayar da zai iya amsawa. A 'yan shekarun nan duk wanda ka tambaya James Webb zai ce maka, saboda hotunanta sun cika intanet. Ni kuwa a ganina Webb ta yi wa sauran fintinkau a fage biyu, abu mai tsananin nisa da abin da ƙura ta lulluɓe, amma a wajen waɗannan sau da yawa tsofaffin na'urorin, Hubble da Chandra, sun fi dacewa da ɗalibi mai ƙayyadadden lokaci.

Asalin bambancin a haske yake. Ƙarfe a maƙera yakan fara zafi ba tare da ka ga komai ba sai hucin da ke dukan fuskarka, sannan ya yi ja, in wutar ta ƙaru ya koma fari. Haka abubuwan sama suke, kowanne da irin hasken da zafinsa ke fitarwa. Ƙura mai sanyi da taurarin da ba su gama haɗuwa ba suna fitar da infared, wanda ido ba ya gani. Tauraro irin Rana, mai zafin kusan digiri 5,500 a fuskarsa, ya fi haskawa a hasken da muke gani. Manyan taurari masu zafin digiri 30,000 zuwa sama ƙarfinsu a ultrabayolet yake. Iskar gas da ta kai miliyoyin digiri kuwa, irin wadda ke kewaya baƙin rami (wuri mai tsananin ƙarfin jawowa da ko haske ba ya kuɓuce masa) kafin ta faɗa, eksire take fitarwa. Iskar da ta lulluɓe duniyarmu tana tare eksire gaba ɗaya, tana tare mafi yawan ultrabayolet da babban ɓangare na infared, shi ya sa ake kashe kuɗi a kai na'ura sama. Webb ta infared ce. Hubble ta ultrabayolet da hasken ido da ɗan gefen infared. Chandra ta eksire zalla. Don haka tambayar farko da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce: abin da nake son nazari, yaya zafinsa, kuma yaya nisansa?

Nisa ya shigo ne saboda sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma hasken da ya daɗe yana tafiya yakan miƙe a hanya. Akwai wani layin haske na haidirojin da ke fita a zangon maikron 0.12, cikin ultrabayolet (zango shi ne tsawon igiyar haske, maikron kuma kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Idan ya taso daga galaksi, wato babban tarin taurari, wanda haskensa ya miƙe ninki 15, zai iso gare mu a wajen maikron 1.8. Hubble a maikron 1.7 ganinta ke ƙarewa. Ko madubinta ya ninka girmansa ba za ta ga wannan galaksin ba. Webb ta fara daga maikron 0.6 ta kai har 28, saboda haka a nan babu ma gasa.

An harba Webb ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou da ke Kudancin Amurka a kan roka Ariane 5, aikin haɗin gwiwar NASA da hukumar sararin samaniya ta Turai da ta Kanada, kuma ta ci kusan dala biliyan 10. Madubinta mita 6.5 ne, gutsure 18 na beriliyam da aka shafe da zinare, yana tara haske kusan ninki 6 na madubin Hubble. Tana can kilomita miliyan 1.5 daga duniya, a bayan wata rumfa mai hawa 5 da ke kare ta daga zafin Rana, domin na'urar da ke farautar huci dole ita kanta ta yi sanyi ƙalau, in ba haka ba hucin jikinta zai rufe mata ido. Kayan aikinta 4 ne: NIRCam, NIRSpec, NIRISS da MIRI. Wanda ya fi canza bincike a ganina shi ne NIRSpec, mai ƙananan ƙofofi kusan 250,000 da ake iya buɗe kowace ita kaɗai, har a tsefe hasken abubuwa kusan 100 a lokaci guda. Tsefe haske, wato rarraba shi zango-zango kamar launukan bakan gizo, shi ne ainihin aikin. Hoto yana nuna maka cewa akwai abu a can, amma layukan da ke cikin tsefaffen haske su ke faɗin nisansa, da sinadaran da ke cikinsa, da saurin motsinsa. Da wannan ne a 2024 aka tabbatar da galaksin JADES-GS-z14-0, wanda muke gani yadda yake kusan shekara miliyan 290 bayan Babbar Fashewa, wato mafarin sararin samaniya a lissafin masana, kuma haskensa ya wuce abin da masana suka yi tsammani daga galaksi mai irin waɗannan ƙananan shekaru.

Ga mai son baƙin rami ma Webb ta buɗe ƙofa. Iskar gas da ke gudu kusa da ramin tana sa wani jan layin haidirojin, mai zangon maikron 0.656, ya yi faɗi, kuma daga faɗin ake ƙiyasta nauyin ramin. A galaksin da haskensa ya miƙe ninki 7, layin yana sauka a wajen maikron 4.6, inda NIRSpec ke gani sarai. Ta haka aka yi ta samun ramuka masu nauyin miliyoyin Rana tun sararin samaniya bai cika shekara biliyan 1 ba. Sai kuma wasu ƙananan jajayen ɗigo da suka cika hotunan Webb, waɗanda har yanzu ake ta muhawara a kan ko ramuka ne da iskar gas mai kauri ta rufe, ko cunkoson taurari ne, ko wani abu tsakani.

To ina matsalar? Cunkoso, na farko. A zagayen neman lokacin amfani da na'urar na 2024, sa'o'in da masu bincike suka nema sun kai kusan ninki 9 na waɗanda ake da su. Ɗalibin da ya jingina digirinsa a kan samun sabon lokaci a Webb ya ɗora rayuwarsa a kan sa'a. Ko ya samu, zai jira a kai ga abin da ya nema, domin Webb ba ta juyawa ko'ina a kowane lokaci: dole rumfarta ta ci gaba da fuskantar Rana, don haka ƙasa da rabin sama take iya kallo a rana guda. Na biyu, bayanan da aka saki ga kowa, irin na CEERS, wani shirin binciken galaksi masu nisa, manyan ƙungiyoyi masu mutane da dama da manyan kwamfutoci suna kansu tun ranar farko. In tambayarka ita ce wadda kowa ke yi, za ka wayi gari ka tarar an buga amsarta. Na uku, manhajar gyaran bayanan tana ta sauyawa yayin da ake ƙara sanin halin na'urar, kuma fayilolin suna da nauyi ƙwarai. Sannan abu mai haske sosai yana cika mata ido, shuɗin haske da ultrabayolet kuwa ba ta ganinsu sam.

Hubble ta tashi ranar 24 ga Afrilu 1990 a cikin kumbon Discovery, da madubi mita 2.4 wanda aka goge gefensa ba daidai ba da kusan maikron 2. 'Yan sama jannati suka gyara ganin a 1993, suka kuma koma har sau 4, na ƙarshe a 2009 lokacin da aka saka mata kyamarar WFC3 da na'urar COS. Tana kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 500, zagaye ɗaya cikin kusan minti 95, shi ya sa da zagaye ake raba lokacinta, kuma a yawancin wurare duniya kan tare mata gani kusan rabin kowane zagaye. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kaifin hoton Hubble a hasken ido bai gaza na Webb a maikron 2 ba. Webb ta fi ta girman madubi, amma hasken da take aiki da shi ya fi tsawon zango, sai abin ya kusa yin kunnen doki.

Abu biyu Hubble ke da su da babu mai ƙwace mata. Na farko ultrabayolet. Mai nazarin manyan taurari masu zafi, da iskar da suke fesowa, da siraran gas da ke kewaye da galaksi wanda ake ganowa ta hanyar hasken kwasa (quasar, tsakiyar galaksi mai nisa mai tsananin haske) da ya ratsa shi, a yau ba shi da wata babbar na'ura da ta kai ta. Cibiyar STScI da ke Baltimore, mai raba lokacin Hubble, ta ware kusan zagaye 1,000 ga shirin ULLYSES don tara tsefaffen hasken ultrabayolet na ƙananan taurari da manya masu ƙuruciya, aka kuma saki bayanan ga kowa. Na biyu shi ne shekaru, kuma nan nake so ɗalibi ya tsaya ya yi tunani.

Tauraro yana motsi, amma saboda nisa motsinsa a sama ƙanƙani ne ƙwarai. Hanyar auna shi ita ce a ɗauki hoto yau, a sake ɗauka bayan shekaru, a gwada. Webb ba ta da jiya. Hubble tana da hotunan fiye da shekara 30. A 2024 wata ƙungiya ta tattara hotunan Hubble sama da 500 na dunƙulen taurarin Omega Centauri, waɗanda aka ɗauka cikin kusan shekara 20, da yawansu ma don daidaita kyamara aka ɗauke su. Suka gano taurari 7 a tsakiya masu gudun da ya kamata a ce tuni sun fice daga dunƙulen, sai dai in akwai wani abu mai nauyi da ke riƙe da su. Lissafi ya ba da baƙin rami mai nauyin aƙalla Rana 8,200, irin matsakaicin ramin da aka daɗe ana nema. Da tsohuwar zuma ake magani. Haka a 2022 ƙungiyar Kailash Sahu ta sanar da baƙin rami mai yawo shi kaɗai, mai nauyin kusan Rana 7, bayan shekaru ana bin yadda ya ɗan karkatar da hasken wani tauraro da ke bayansa. Kuma tun 1994 Hubble ta auna iskar gas mai gudun kusan kilomita 550 a daƙiƙa a tsakiyar galaksin M87, ɗaya daga cikin hujjoji masu ƙarfi na farko cewa manyan ramuka gaskiya ne. Fiye da rabin takardun bincike da ake bugawa da bayanan Hubble yanzu daga rumbun ajiyar tsofaffin bayananta suke fitowa.

Raunin Hubble tsufa ne. Tun Yunin 2024 da na'urar daidaita juyi guda ɗaya take aiki, wanda ya rage mata saurin juyawa da yawan wuraren da take iya kallo a lokaci guda, kuma tunda aka daina amfani da kumbunan da ke kai mata masu gyara a 2011, babu wanda ya sake zuwa. Wannan yana damun mai neman sabon lokaci. Mai aiki da rumbu bai shafe shi ba.

Chandra ita ce wadda ba a cika ambata ba, alhali in baƙin rami ne gaban ɗalibi ita ya kamata ya fara dubawa. Kumbon Columbia ne ya kai ta sama ranar 23 ga Yuli 1999, a tafiyar da Eileen Collins ta zama mace ta farko da ta jagoranci irin wannan kumbo, kuma na'urar sunan masanin taurari Subrahmanyan Chandrasekhar ta ci. Eksire ba ya dawowa daga madubi in ya buge shi kai tsaye, shigewa yake yi. Don haka madubanta kamar bututu suke, ɗaya cikin ɗaya har 4, hasken ya goge su a karkace ya tattaru. An goge su da kyau har tana rarrabe abubuwa biyu da tazararsu a sama rabin daƙiƙar kusurwa ce kawai (daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digirin kusurwa), kuma har yau babu na'urar eksire da ta kamo ta a wannan. Zagayenta dogo ne, kusan sa'a 64, tana kaiwa kusan sulusin hanyar Wata, saboda haka takan zuba wa abu ido sa'o'i da yawa babu yankewa.

Bayananta ma daban suke. Abin da za ka karɓa jeri ne na ƙwayoyin haske, kowace da lokacin isowarta, da inda ta faɗa, da ƙarfinta. Daga jeri guda ka fitar da hoto, ka fitar da tsefaffen haske, ka kuma ga yadda abin ke ƙaruwa da raguwa. Fayilolin ba su da nauyi, manhajar sarrafa su, CIAO, kyauta ce kuma ta daɗe da zama da gindinta, kwamfutar tafi-da-gidanka ma ta isa. Kundin Chandra na abubuwan da ta gano ya haura 400,000, da yawansu sun shigo hoto ne kawai lokacin da ake kallon wani abu daban, babu wanda ya zauna ya yi nazarinsu. Ga ɗalibi wannan gona ce da ba a gama nomewa ba. Amma akwai farashi: ƙwayoyin kaɗan ne. A zurfaffen kallon da ta yi wa wani yanki na kudancin sama, daƙiƙa miliyan 7, wato kusan kwana 81, abubuwa mafi dusashewa sai a yi kwanaki kafin ƙwaya ɗaya ta iso daga gare su. Wanda zai yi aiki da ƙwaya 20 ko 30 dole ya ƙware a lissafin ƙididdiga na ƙananan adadi. In mutum ba ya son wannan, zai sha wuya.

Abin da ta samar ya isa shaida. Hotonta na farko na Cassiopeia A, ragowar tauraron da ya fashe, ya nuna wani ɗigo a tsakiya da ba a taɓa gani ba, gawar tauraron. A 2003 ta nuna igiyoyin matsi da baƙin ramin tsakiyar gungun galaksi na Perseus ke turawa cikin iskar gas mai zafi, alamar yadda rami ke hana gas ɗin yin sanyi ya zama taurari. A 2006, tare da Hubble da na'urorin ƙasa, ta nuna a gungun Bullet cewa mafi yawan nauyi ba ya inda gas ɗin yake, hujja mai ƙarfi a kan ɓoyayyen abin nan da ba ya fitar da haske. Matsalolinta su ma ba a ɓoye suke ba. Wani datti yana taruwa a matatar kyamararta ta ACIS, yana rage mata ganin eksire mai ƙaramin ƙarfi. A 2024 kuma daftarin kasafin NASA ya nemi a rage kuɗin gudanar da ita sosai, abin da ya tayar da hankalin masana. Wanda yake buƙatar ƙwayoyi da yawa fiye da kaifin hoto, XMM-Newton ta Turai, wadda aka harba a Disambar 1999, ta fi tara haske, kuma rumbunta a buɗe yake.

A nan ya dace a gyara wata fahimta. Hoton nan na zoben wuta da aka nuna a 2019, na ramin M87, da na Sagittarius A*, ramin tsakiyar galaksinmu, a 2022, ba daga sama aka ɗauke su ba. Na'urorin rediyo ne na ƙasa aka haɗa. Bin sawun taurarin da ke kewaya ramin galaksinmu, wanda ya ba Reinhard Genzel da Andrea Ghez kyautar Nobel a 2020, shi ma daga ƙasa aka yi shi. Wanda wannan ne ya ja hankalinsa, fagensa daban ne.

Akwai kuma ta huɗu da ba ta cikin taken nan amma laifi ne a tsallake ta. Gaia ta Turai ta daina kallo a Janairun 2025, sai dai bayanan da ta saki a 2022 sun ƙunshi taurari kusan biliyan 1.8, da wurarensu da motsin mafi yawansu. Ba a neman lokaci, ba a gyaran hoto, tebur ne kake tambaya ya ba ka amsa. Da shi aka gano Gaia BH1, rami mafi kusa da aka sani, a nisan da haske ke yi wa tafiyar shekara kusan 1,560, da Gaia BH3 mai nauyin Rana 33, dukansu ta hanyar rangajin tauraron da ke kewaya su. Ga mai sha'awar taurarin galaksinmu, nan ne wuri mafi sauƙin shiga.

Dokokin shiga kusan iri ɗaya ne. Kowa daga kowace ƙasa yana iya neman lokaci a Hubble da Webb da Chandra, kuma tun 2018 Hubble ta fara tantance takardu ba tare da alƙalai sun ga sunan mai nema ba, sauran suka bi. Kuɗin tallafin da NASA ke haɗawa da lokaci dai na masu aiki a cibiyoyin Amurka ne kawai. Wanda ya samu lokaci yakan riƙe bayanan shi kaɗai na wasu watanni, galibi bai wuce shekara ba, daga nan su faɗa rumbu. Na Hubble da Webb suna rumbun da ake kira MAST, kyauta. Harshen kwamfuta na Python da manhajar Astropy za ka buƙata a ko'ina.

Da ni ke ba da shawara, ga yadda zan raba. Mai digiri na biyu da shekara ɗaya ko biyu a hannu, kada ya nemi sabon lokaci ko kaɗan. In taurari yake so, Gaia tukuna, ya ƙara da Hubble in akwai cunkoso ko ultrabayolet. In ramuka ne masu ci yanzu, ko gungun galaksi, ko ragowar fashewa, Chandra. In siffar galaksi da sauyinsu a tsawon shekara biliyan 10 da suka wuce, rumbun Hubble ya ishe shi. Webb ta dace da shi ne kawai in malaminsa yana cikin ƙungiyar da ta riga ta mallaki bayanai kuma ta ware masa nasa yanki. Mai digiri na uku yana da sarari ya gwada neman lokaci a Webb, muddin rabin aikinsa zai tsaya da ƙafafunsa ko an hana shi.

Ga mai digiri na ukun kuma, abin da na fi ganin riba a cikinsa shi ne ya ƙware a na'ura ɗaya sosai, ya koyi ta biyu daidai gwargwado, musamman haɗin eksire da infared, domin masu iya duka biyun ba su da yawa. A 2023 an sanar da UHZ1: Webb ta ga galaksin, Chandra ta ga eksire yana fitowa daga cikinsa, alamar rami mai girma kusan shekara miliyan 470 bayan Babbar Fashewa, wanda ƙiyasin nauyinsa ya yi kusa da na dukan taurarin galaksin. Su kuma jajayen ɗigon nan, yawancinsu Chandra ba ta ganin eksire daga gare su, ko an tara hotunan da yawa wuri guda. Ko gas mai kauri ne ya tare shi, ko ramukan ne ke ci ta wata hanya daban, duk wanda zai warware wannan sai ya iya karanta tsefaffen hasken NIRSpec, ya kuma san abin da rashin ƙwaya ɗaya cikin daƙiƙa miliyan 7 ke iya tabbatarwa da abin da ba ya iyawa.